Ɗan Murmushi a Randar Baƙi

"Ni fa duk abin da yake numfashi a cikin ruwa, in ya shigo hannuna, sai ya yi ƙiba ya gode wa Allah."

Da wannan maganar Tizhe yake buɗe baki kowace yamma a gindin dalbejiyar da 'yan ƙungiyar masu kiwon kifi ta unguwar Yelwa a Mubi suke taruwa. Yana faɗa yana murza gashin bakinsa, wani dogon gashin baki mai lanƙwasa da yake shafa wa man kaɗanya, yana kula da shi fiye da yadda ya taɓa kula da kowane kifi. A jikin ƙofar gidansa ya sa an rubuta da jan fenti: Farfesan Ruwa. Ba wata makaranta da ta ba shi wannan suna. Shi ya ba kansa, shi ya biya mai fenti.

In ka tambaye ni tarihin aikinsa, ba shi da tsawo. Tankin tarwaɗarsa na farko ya ɗura musu abinci har ruwan ya koma kamar kunu, suka taso sama ciki a waje. Na biyu ya haƙa rami a bakin mayo, wato rafin garinmu, damina ta sauka, kifayen suka bi ruwa suka yi arewa ba ko sallama. Da aka je yi masa jaje sai ya ce ai kasuwa ya faɗaɗa. Mu kuwa mutanen Yelwa Allah ya yi mu da son kallo. Mutum in ya iya jefa Turanci yana murza gashin baki, sai ka ga mun gyara zama muna gyaɗa kai, ko da mun san bara ma haka ya yi mana.

Amma akwai abin da yake ci masa rai, wanda ba ya faɗa a gindin dalbejiya. Duk Mubi in za a kwatanta shi, ba wanda yake cewa Farfesa. Cewa ake mijin Liyatu mai zoɓo. Matarsa ce take da firiza, ita take sayar da zoɓo da kunun aya masu sanyi, ita take riƙe da gidan. Wannan suna yana ƙona shi ƙwarai. Shi ya sa da tsohon ciyaman ɗin ƙungiya, Baba Sali, ya ce ya gaji zai sauka, Tizhe ya ɗora ransa kaf a kan kujerar. So yake ko sau ɗaya ya ji an kira shi Ciyaman a tsakiyar kasuwa, Liyatu tana ji.

Matsalar ita ce wadda ta fito takara da shi, Hajiya Nafisatu. Tankunan tarwaɗa gare ta birjik a bayan gidanta, ga baki kamar rediyo.

"Farfesa," ta ce masa a gaban kowa, "kifin naka yana ina ne? Nuna mana ko wutsiya ɗaya mu shaida."

"Tarwaɗa aikin yara ne, Hajiya. Ni na wuce wurin. Zan kawo abin da Adamawa ba ta taɓa gani ba: halittar ruwa mai hannu, mai ƙafa, mai murmushi."

"Mai murmushi? Ya ji labarin tankinka ke nan."

Aka yi dariya. Tizhe ya miƙe, ya buga ƙirji.

"In ban nuna muku shi da ransa ranar zaɓe ba, kada ku ba ni ko kujerar roba."

Baba Sali ya ce to shi ke nan, a gidan Tizhe za a yi zaɓen, a ga abin da ido tukuna a ɗaga hannu.

Abin da ya dogara da shi ƙanwar matarsa ce, Anita, wadda take aiki a wani shagon kifin ado a Abuja. Ya dame ta da waya har ta gaji, ta sa abin a cikin kula mai ƙanƙara ta ba direba, ta biyo shi da dogon saƙon murya. Tizhe ya kunna saƙon, ya ji "Yaya, don Allah ka saurara da kyau," ya kashe.

"Ni za a koya wa ruwa?" ya ce wa ƙaninsa Zira.

Suka buɗe kula. Gaskiya abin kallo ne. Tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba, fari mai ɗan ja-ja kamar fatar jariri, da wutsiya irin ta kifi, da ƙafafu huɗu masu 'yan yatsu. A gefen kansa akwai wasu jajayen geza, da su yake numfashi. Ga faffaɗan baki a lanƙwashe, ko me ake ciki shi murmushi yake. Sunansa akzolotul, asalinsa daga Meziko, dangin kwaɗi ne amma shi ba ya fita daga ruwa har ya mutu. Ba wanda ya iya faɗin sunan a Yelwa sai Tizhe, shi ma kullum da yadda yake faɗa. Zira ya sa masa Ɗan Murmushi, sunan ya zauna.

Lokacin bazara ne, irin zafin Mubi da ko akuya take neman inuwar mota. Tizhe ya sayo akwatin gilashi, ya kafa shi a kan tebur a ƙofar gida, a tsakiyar rana tsaka, don masu wucewa su gani da kyau. Ya zuba ruwan tanki wanda ya kwana ya wuni a rana, ya watsa masa abincin tarwaɗa cikin hannu. Masu keke napep suna tsayawa da fasinja a ciki, matan unguwa suna leƙe suna ja da baya, shi kuma yana tsaye da sanda yana bayani.

Ɗan Murmushi bai taɓa abincin ba. Aka ba shi ƙuli-ƙuli, ya ƙi. Bayan 'yan kwanaki gezarsa ta koɗe ta tanƙware, ya taso saman ruwa yana yawo a karkace. Abin haushin shi ne har a lokacin murmushi yake, sai ka ce da gangan.

Dole Tizhe ya shiga bayan gida ya kira Anita a ɓoye.

"Yaya, ka ji saƙona kuwa?"

"Na ji mana. Tambaya ce kawai ta ilimi."

"A ina ka ajiye shi?"

"A waje, inda zai sha iska da rana."

"Rana? Yaya, dafa shi kake yi. Ruwan sanyi yake so, sanyi sosai, da inuwa, ba ya son haske. Abincinsa tana ce, mai rai. Duk abin da ya motsa a gaban hancinsa shi yake cafka, in bai motsa ba ba ruwansa."

"Na san duk wannan. Gwada juriyarsa nake."

Daga ranar ƙanƙarar Liyatu ta shiga uku. Da ta juya baya sai Farfesa ya buɗe firiza ya kwashi ƙullin ƙanƙara ya ruga da su cikin riga. Zoɓo ya fara fita da ɗumi, masu saye suna kurɓa suna ɓata fuska suna wucewa gaba. Ta kama shi rannan hannu dumu-dumu, ruwa yana ɗiga daga aljihunsa.

"Baban Purity, mene ne wannan?"

"Bincike ne."

"Bincike a firizana? Jiya kwastoma ya ce min in shayi yake so ya san inda zai je. Ƙadangaren nan naka shi zai biya kuɗin makarantar yara?"

"Ba ƙadangare ba ne. Kuma ki yi haƙuri kaɗan, matar ciyaman za ki zama."

"Ni matar mai zoɓo ma ta ishe ni, in za a bar min ƙanƙarata."

Ta sayo kwaɗo ta garƙame firiza. Ko ba ta garƙame ba ma, a makon aka ɗauke wuta aka manta da unguwar. Tizhe ya ja akwatin zuwa inuwa, ya zauna a gabansa da mafici yana yi wa ruwa fifita, gumi yana bin gashin bakinsa.

"Broda," in ji Zira, "ni da na yi taifod bara ko sau ɗaya ba ka min fifita ba."

"Kai daga Meziko aka kawo ka?"

Batun tana kuma, a bazara ƙasa ta bushe kamar siminti, sai a bakin mayo ake samu. Nan aka riƙa ganin Farfesan Ruwa da sassafe, wando a naɗe, yana tonon laka da cokalin miya. In an gaishe shi sai ya ce samfurin ƙasa yake ɗauka. Amma ɗaukar tana mai motsi a hannu ya ga bai dace da mutuncinsa ba, don haka sai ya shanya su a kan kwanon rufi su bushe ƙarau, wai don tsafta. Ɗan Murmushi ya dubi busasshiyar tana ta nutse a gabansa, bai ko motsa ba. Yunwa tana cinsa, zafi yana cinsa, ranar zaɓe tana matsowa, Tizhe ya fara ramewa tare da shi.

Wata rana ya dawo daga mayo a galabaice, ya nufi randa ya sha ruwa, sanyin ya ratsa masa haƙori. Ya tsaya da moɗa a hannu, ya dubi randa, ya dubi akwati.

To, ka san gidajenmu. Mahaifiyar Tizhe, wadda kowa yake ce wa Mama, randa biyu gare ta a gindin mangwaro, an binne gindinsu cikin jiƙaƙƙen yashi. Ɗaya ta mutan gida ce. Ɗayar, babbar, ta baƙi ce, kuma ko jikokinta ba sa taɓa murfinta. A wurin Mama, baƙo ya zauna a gidanka bai sha ruwa ba kafin a gama gaisuwa, abin kunya ne da ba ya wankuwa. A lokacin tana Mugulbu wurin 'yarta da ta haihu.

Tizhe ya auna da hankalinsa na farfesa. Randar gida kowa yana zura moɗa, asiri zai tonu. Randar baƙi kuwa a rufe take.

"Baƙi nawa muke yi a gidan nan?" ya ce wa Zira. "Sai a yi wata ba wanda ya zo."

"Amma Broda, ranar Asabar ɗin nan ai…"

"Zira, wa ya karanta ruwa, ni ko kai? Riƙe min murfi."

Abin mamaki, dabarar ta ci. Ga sanyi, ga duhu, ga shiru. Kafin a kai ƙarshen mako gezar Ɗan Murmushi ta dawo ja, ya sauka ƙasan randa yana takawa da 'yan ƙafafunsa. Busasshiyar tana dai har yanzu bai karɓa ba. Tizhe ya koma gindin dalbejiya da sabon kuzari, ya sanar cewa ya ƙirƙiro na'urar sanyaya ruwa wadda ba ruwanta da lantarki, ba ruwanta da sola, kuma ba zai faɗi sirrinta ba sai an yi masa rajista a Abuja. Mu kuma muka gyaɗa kai.

Asabar, ranar zaɓe, ta zo. An jera benci a tsakar gida. A gaba ga tebur, ga akwatin gilashi cike da ruwa an lulluɓe shi da atamfar Liyatu ta zuwa coci. Shirin Tizhe shi ne sai kowa ya zauna, ya zagaya gindin mangwaro ya ɗauko abin a ɓoye ya zura ta ƙarƙashin atamfa, sannan ya yaye a yi tafi. Ya sa sabon kaftani, ya shafa wa gashin baki mai har yana ƙyalli, ya tsaya a waje yana karɓar baƙi, kowa sai ya riƙe masa hannu ya yi masa ɗan jawabi.

Yana can yana jawabi wata keke napep ta tsaya ta ƙofar baya, Mama ta sauko da ƙullinta. Ta leƙa tsakar gida ta ga dattawa a jere, rana tana dukansu, ba kwano a gaban kowa.

"Liyatu, baƙi ya zauna a gidana ba ruwa? Ni ya mutu ne?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauko babban kwanon shanta mai murfi, mai zanen jajayen furanni a ciki, ta buɗe randar baƙi, ta zura babbar moɗarta ta duma har ƙasa inda ruwa ya fi sanyi, tana juyewa tana faɗa da Liyatu ta kan kafaɗa. Idon Mama ya yi rauni tuntuni. Ta ji wani abu ya faɗa kwano, ta ɗauka ganyen mangwaro ne. Ta rufe, ta kai gaban Baba Sali ta durƙusa.

Baba Sali ya ɗan zame murfi kaɗan yadda dattawa suke yi, ya yi bisimilla, ya lumshe ido ya yi ta kwankwaɗa.

"Useko, Mama, mun gode. Ruwan randa daban ne. Wannan har wani ɗanɗano gare shi."

Ya miƙa wa ma'ajin ƙungiya, Malam Mubashshir, shi ma ya sha ya yaba. Kwano ya bi benci hannu zuwa hannu. Kada ka tambaye ni a wane benci nake zaune. Da ya iso wurin Hajiya Nafisatu, ita ba ta shan abu sai ta gani, sai ta ɗage murfin gaba ɗaya. Ta duba. Aka dubo ta daga ciki ana murmushi. Ta mayar da murfi a hankali, ta ɗora kwanon a cinya, ta gyara mayafi.

A daidai lokacin Tizhe yana gindin mangwaro da rariya a hannu. Ya zura, ba komai. Ya sake zurawa, ba komai. Ya naɗe hannun kaftani ya lalube randa har kafaɗa. Ya cusa kai ciki yana kira a hankali, "Murmushi, Murmushi," muryarsa tana dawo masa. Ya zargi kyanwar maƙwabta, ya zargi Liyatu, ya zargi Hajiya da turo ɗan leƙen asiri. Zira ne kaɗai ya ga abin da Mama ta yi, shi kuwa an riga an gaya masa ba shi ya karanta ruwa ba, don haka ya kama bakinsa.

"Farfesa, rana tana yi," Baba Sali ya ɗaga murya.

Tizhe ya fito, rabin kaftani a jiƙe, ya tsaya kusa da akwatin da ba komai a ciki. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne baki. Ya fara da tarihin ƙasar Meziko. Ya bi ta kan duwatsunta da tafkunanta, ya shiga bambancin ruwan sama da ruwan ƙasa, ya dawo kan gudummawar da shi kansa ya ba ilimin ruwa a Afirka ta Yamma. Duk wanda ya miƙa hannu wajen atamfa sai ya buge hannun, ya ce halittar tana hutawa, ba a tashinta haka kawai. Muryarsa ta fara dushewa, yana haɗiyar yawu da ƙyar.

"Farfesa," Hajiya ta ce da wata murya mai taushi da ba mu san ta da ita ba, "maƙoshinka ya bushe. Ga ruwa, jiƙa ka ci gaba. Muna ƙaruwa."

Ya karɓa da hannu biyu, har yana jin daɗi abokiyar hamayya ta fara ladabi. Ita ta cire masa murfin da kanta. Idonsa yana kan jama'a ta saman kwano, bai dubi ciki ba. Ya kafa baki, dogon gashin bakin nan ya nutse a ruwa, bakinsa yana motsi, gashin yana wutsil-wutsil.

Wata guda ke nan Ɗan Murmushi yana jiran abin da zai motsa a gaban hancinsa.

Ba shi da haƙoran kirki, amma ya iya zuƙa. Tizhe ya ji an ja shi ta gefen baki. Ya sauke kwano a firgice, sai ga halittar Meziko tana reto a gashin bakin Farfesan Ruwa, ƙafafu huɗu a buɗe, geza ja wur, a gaban ƙungiya kaf. Ta ɗan yi lilo, ta ga wannan tanar ba ta tsinkewa, ta saki ta koma kwano, ruwa ya fantsama masa a ido.

Baba Sali ne ya fara magana, a hankali.

"Tizhe, abin nan daga ina ya shiga kwanon?"

"Daga na'ura, Baba."

"Wace na'ura?"

"Randa."

"Tun yaushe yake ciki?"

"Bai fi mako ba."

"To in zai zagaya fa, ina yake zuwa?"

Tizhe ya dubi ƙasa. "Ai Baba, ba ya fita daga ruwa. Haka halittarsa take."

Malam Mubashshir ya tashi ya nufi bayan katanga da sauri, benci na biyu ya bi shi. Mama kuwa da aka fassara mata abin da ya faru da yarenmu, ta cire takalmi ɗaya, sai da Liyatu ta riƙe ta, ita ma Liyatun dariya ta hana ta riƙo da kyau.

Amma Tizhe ba a san shi da saurin sarewa ba. Ya ɗaga kwano sama da hannu biyu.

"Jama'a, alkawari na yi zan nuna muku shi da ransa. Ga shi da ransa. Kun ma ga yana cin abinci."

"Wannan gaskiya ne," in ji Baba Sali yana goge harshe da bakin rawani. "A yi zaɓe."

Aka kira sunan Hajiya Nafisatu, hannuwa suka tashi. Malam Mubashshir ya dawo yana tofar da yawu, ya ce shi yana da ƙari: a sa na cikin kwanon ma a takara, ko ba komai shi tun da aka zo bai yi wa kowa jawabi ba, kuma shi kaɗai ne a gidan nan ya san ruwa ciki da waje. Baba Sali ya ce doka ba ta hana ba. Hannuwa suka sake tashi, har da na Zira, har da na Liyatu daga bakin ƙofa, ita da ba 'yar ƙungiya ba.

Sannan aka kira sunan Tizhe. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya so ya ɗaga ko nasa hannun, amma duka biyun suna riƙe da kwano, in ya saki ɗaya Ɗan Murmushi zai zube ƙasa. Haka ya tsaya rungume da abokin takararsa har Baba Sali ya gama dubawa.

Yanzu Ɗan Murmushi yana nan lafiya, ya yi ƙiba. Mama ta huce ta bar masa randar, ta sayi sabuwa ta baƙi ta sa mata murfi mai nauyi, ta ce a gidan shi kaɗai yake ganinta ya yi murmushi bai roƙe ta komai ba. Tizhe ya aske gashin baki, kullum da safe yana bakin mayo yana tonon tana, mai rai, yana kawowa a gwangwani. A kasuwa har gobe mijin Liyatu mai zoɓo ake ce masa. In baƙo ya zo gindin dalbejiya ya tambaye shi yadda zaɓen ya kasance, sai ya kai hannu inda gashin bakin yake a da, ya shafa wurin.

"Ai ban yi laifi ba," yakan ce. "Mu biyu muka tsaya takara, na zo na uku."